Barbarar Furen Kabewa da Hannu

Barbarar furen kabewa da hannu hanya ce ta aikin lambu wadda mutum ke ɗebo garin fure daga namijin furen kabewa, ya shafa shi a cikin macen fure, domin ɗan kabewa ya kama ya girma. A ɗabi'a ƙudan zuma da danginsu ne ke yin wannan aiki. Idan suka yi ƙaranci, ko ruwan sama ya hana su fitowa da safe, sai kabewa ta yi yaɗo sosai, ta cika da fure, amma 'ya'yan su riƙa yin rawaya suna zubewa tun suna ƙanana. Masu lambun gida na yin barbara da hannu don kauce wa wannan asara. Masu ajiye iri da masu binciken tsirrai kuma na yin ta ne don su san ainihin uwa da uban kowane ƙwayar iri. Aikin ba ya buƙatar kuɗi ko injin, abin da yake buƙata shi ne sanin bambancin furannin biyu da kuma fitowa da sassafe.

Asalin kabewa

Kabewa tana cikin jinsin tsirrai da masana ke kira Cucurbita, kuma asalinta daga nahiyar Amurka ne. An samu ƙwayoyin irin Cucurbita pepo a kogon Guilá Naquitz da ke jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko, waɗanda aka ƙiyasta sun kai kimanin shekara 10,000, abin da ya sanya kabewa cikin tsoffin tsirran da ɗan Adam ya fara nomawa. Nau'o'i biyar ne aka mayar na gida: Cucurbita pepo, Cucurbita maxima, Cucurbita moschata, Cucurbita argyrosperma da Cucurbita ficifolia. Bayan shekarar 1492 ne kabewa ta bazu zuwa Turai da Afirka da Asiya ta hanyar jiragen ruwa na fatauci.

A ƙasar Hausa ana shuka kabewa da damina a bayan gida, a gindin danga, a gefen gonar masara ko dawa, wani lokaci kuma a bar ta ta hau rumbu ko rufin ɗaki. Masu noman rani ma na shuka ta a fadama. Ita ce ginshiƙin miyar taushe, ana kuma sa ta a fate. Kada a rikita ta da kuɓewa, wadda tsiro ne dabam gaba ɗaya, kuma furenta ɗaya na ɗauke da sashen namiji da na mace a tare.

Namijin fure da macen fure

Gindin kabewa ɗaya yana fitar da furanni iri biyu a wurare dabam-dabam a jikin yaɗo. Dukansu rawaya ne ko ruwan lemo, masu siffar mazurari, da kunnuwa biyar. Bambancinsu yana ƙasan furen da kuma cikinsa.

Namijin fure yana tsaye a kan dogon kara siriri, kuma babu komai a ƙasansa sai karan. A tsakiyarsa akwai sanda ɗaya, wadda a zahiri sassa uku ne suka manne suka zama ɗaya. A jikin wannan sanda garin fure yake, rawaya mai kama hannu. Shi ne kwatankwacin abin da manoma ke kira bununi a jikin gero da masara.

Macen fure tana da gajeren kara mai kauri, kusa da jikin yaɗo. A ƙasanta akwai ɗan ƙululu kore wanda ya yi kama da ƙaramar kabewa, kuma siffarsa na nuna siffar da 'ya'yan za su yi, ko zagaye ko dogo. Wannan ƙululu shi ne mahaifar fure, a cikinsa akwai ɗaruruwan ƙwayaye waɗanda za su zama iri idan an yi musu barbara. A tsakiyar furen akwai makarɓar gari, wadda yawanci ta rabu gida uku, kowane gida kuma da tsaga a tsakaninsa. Tana da danƙo da ɗan laima domin gari ya manne mata.

Mazan furanni ne ke fara fitowa, sau da yawa mako ɗaya ko biyu kafin a ga mace ta farko, kuma a tsawon rayuwar tsiron sun ninka mata yawa sau da dama. Saboda haka zubewar furannin farko ba alamar cuta ba ce. Namijin fure ba ya yin ɗa, yana buɗewa ne ya ba da gari ya bushe ya faɗi. Sababbin masu lambu da yawa kan ɗauka kabewarsu ta lalace a wannan lokaci, alhali macen fure ce ba ta fito ba tukuna.

Yadda barbara ke faruwa a ɗabi'a

Garin furen kabewa yana da girma idan aka kwatanta da na sauran tsirrai, kowane ƙwaya ya kai kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita. Yana da nauyi da danƙo da ƙananan ƙayoyi a jikinsa. Wannan ya sa iska ba ta iya ɗaukarsa kamar yadda take ɗaukar na masara da gero. Dole sai wani abu mai rai ya kai shi.

Furannin biyu duka suna fitar da ruwan zaƙi a can ƙasansu. Ƙudan zuma idan ya kutsa cikin namiji don shan wannan ruwa sai gari ya manne a gashin jikinsa, idan ya shiga mace sai ya goga shi a kan makarɓa. Daga nan kowane ƙwayar gari ke fitar da wani siririn bututu wanda ke bi ta cikin furen har ya isa mahaifa, ya haɗu da ƙwai ɗaya. Ƙwayar gari ɗaya iri ɗaya take samarwa. Irin da ke girma ne ke fitar da sinadaran da ke sa naman kabewa ya yi ta ƙaruwa, don haka ziyarar ƙudan zuma sau ɗaya ba ta cika wadatarwa ba. Macen fure na buƙatar ziyara da yawa a safiya ɗaya kafin ta samu isasshen gari.

A Amurka, inda kabewa ta samo asali, akwai wasu ƙudan zuma na daji da aka sani da sunayen Peponapis da Xenoglossa, waɗanda ba sa ciyar da 'ya'yansu da garin kowane fure sai na dangin kabewa. Ba sa zama a amya, kowace mace na haƙa raminta a ƙasa, sau da yawa a ƙarƙashin yaɗon kabewar. Suna fara aiki tun kafin rana ta fito, mazansu kuma kan kwana a cikin furen da ya rufe. Waɗannan ƙwari ba su bi kabewa zuwa Afirka ba. A Afirka ta Yamma aikin ya fi rataya a kan ƙudan zuman da aka sani, Apis mellifera, da wasu ƙudan zuma na daji.

Furen kabewa na safiya ɗaya ne. Yana buɗewa da asuba, ya fara yanƙwanewa da hantsi, kafin azahar ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Macen furen da ba ta samu gari a waɗannan 'yan sa'o'i ba ta rasa damarta ke nan har abada. Wani bincike da masana biyu na ƙasar Italiya, Nepi da Pacini, suka wallafa a 1993 a kan Cucurbita pepo ya nuna cewa kusan kashi 92 cikin 100 na garin fure na da rai lokacin da fure ya buɗe, ya sauka zuwa kusan kashi 75 lokacin rufewarsa, washegari kuma saura kusan kashi 10 kawai.

Dalilan yin barbara da hannu

Babban dalili shi ne ƙarancin ƙudan zuma. Wannan ya fi faruwa a cikin birane, a gidajen da aka kewaye da doguwar katanga, da wuraren da aka sare itatuwa aka rage furannin daji. Feshin maganin ƙwari da safe, lokacin da furanni ke buɗe, yana kashe ƙudan zuma tare da ƙwarin da aka yi nufi. Ƙona amya da wuta wajen cire zuma ma yana rage yawansu.

Yanayi shi ne dalili na biyu. Ƙudan zuma ba ya fita sosai cikin ruwan sama ko iska mai ƙarfi. A tsakiyar damina, musamman a watan Agusta da ake yawan wayar gari da yayyafi, macen fure na iya buɗewa ta rufe ba tare da ƙwaro ko ɗaya ya shige ta ba.

Na uku shi ne ƙanƙantar lambu. Wanda ke da gindi ɗaya ko biyu kawai zai iya tarar da mace ta buɗe a ranar da mazan da suka buɗe ba su da yawa. Haka ma wanda ya rufe shukarsa da raga don kare ta daga ƙwari, ko yake noma a cikin rumfar leda, ya hana ƙudan zuma shiga, don haka sai ya yi aikinsu da kansa.

Na huɗu shi ne tsaftar iri da kuma samar da sabon iri, wanda aka yi bayaninsa a ƙasa.

Muhimmancin lamarin ya wuce lambun gida. Wani nazari da Alexandra-Maria Klein da abokan aikinta suka wallafa a 2007 ya sanya kabewa da kankana da koko da vanila cikin amfanin gonar da yabanyarsu ke raguwa da kashi 90 cikin 100 ko fiye idan babu masu yi musu barbara. Rahoton hukumar IPBES na 2016 kuma ya nuna cewa sama da kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona na abinci a duniya suna amfana da barbarar da ƙwari da sauran dabbobi ke yi.

Lokacin da ya dace

Mafi kyawun lokaci shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara na safe. A wuraren zafi gara a gaggauta, domin rana na busar da makarɓa kuma tana kashe gari da wuri. Idan raɓa ta jiƙa cikin furen sai a ɗan jira ta bushe, saboda jiƙaƙƙen gari na dunƙulewa kuma ruwa na lalata shi.

Ana iya gane furen da zai buɗe gobe tun da yammacin yau. Tohon ya kan cika ya kumbura, launinsa ya juya daga kore zuwa rawaya, musamman a bakinsa da gefen layukansa, amma bai buɗe ba. Furen da ya riga ya buɗe ya rufe kuwa ya kan yi laushi ya murɗe. Zagayawa da yamma na taimaka wa mai lambu ya san ko gobe akwai aiki, da kuma inda zai nufa.

Yadda ake yi

Hanya mafi sauƙi ita ce amfani da namijin furen kansa:

1. A nemi macen furen da ta buɗe a safiyar, a duba cikinta ko akwai ƙudan zuma kafin a sa hannu.
2. A zaɓi namijin furen da shi ma ya buɗe a safiyar. A ɗan taɓa sandarsa da yatsa, idan rawayan gari ya kama yatsa to ya nuna.
3. A tsinke shi da karansa, domin karan ya zama mariƙi.
4. A yage kunnuwan furen a hankali har sandar ta fito fili, ba tare da an karkaɗe garin ba.
5. A shafa sandar a kan makarɓar mace, ana jujjuya ta, har gari ya taɓa kowane ɗaya daga cikin gidajen uku, sama da gefe. Ba a dannawa da ƙarfi, domin makarɓa na karyewa.
6. Idan akwai wadatar maza, a maimaita da na biyu ko na uku a kan mace ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce amfani da ƙaramin burushi mai laushi irin na masu zane, ko gashin kaza, ko auduga da aka naɗa a tsinke. Ana goga shi a sandar namiji har ya yi rawaya, sannan a shafa a makarɓa. Amfanin wannan hanya shi ne namijin fure na nan a jikin yaɗo ga ƙudan zuma. Aibinta kuma shi ne wani ɓangare na garin kan maƙale a cikin audugar. Dole kayan ya kasance busasshe.

Garin da aka ɗebo daga gindin da macen take yana aiki, haka ma na wani gindi na nau'i ɗaya. Idan mace za ta buɗe kuma babu namiji a gidan, ana iya karɓo namijin fure daga maƙwabci a safiyar. Wasu kan tsinke tohon namiji da yamma su sa karansa a cikin kofin ruwa a ɗaki, ya buɗe da safe. Wannan na da amfani idan ana sa ran ruwan dare. Bayan barbara, idan hadari ya taso, ana iya haɗe bakin macen furen a ɗaure shi sako-sako da zare don kada ruwa ya wanke garin.

Mazan furannin da suka rage ana cin su a wasu ƙasashe. A Meziko ana sa su a miya da cikin gurasar masara, a Italiya kuma ana tsoma su a kwaɓin fulawa a soya.

Alamomin kamawa da rashin kamawa

Idan barbara ta yi, furen zai bushe ya faɗi, amma ƙululun zai ci gaba da zama kore da tauri da sheƙi, kuma cikin kwana uku zuwa bakwai za a ga ya ƙara girma a fili, karansa ya yi kauri. Idan ba ta yi ba, ƙululun zai tsaya yadda yake, ya yi rawaya, ya yi laushi daga wajen bakin fure, sannan ya faɗi. Idan gari ya taɓa gefe ɗaya na makarɓa kawai, kabewar kan fito a karkace, gefe ɗaya cike ɗaya a tsuke, kuma idan aka fasa ta za a tarar da iri kaɗan ne a gefen da ya tsuke. A nau'o'i da yawa kabewa na nuna cikin kwana 45 zuwa 55 bayan barbara, wasu manya kuma kan ɗauki fiye da haka.

Ba kowace zubewar 'ya'ya ba ce ta rashin barbara. Akwai wasu dalilai da barbarar hannu ba ta magance su:

Zafi mai tsanani. Idan zafin rana ya wuce kimanin digiri 32 a ma'aunin Salshiyas kwanaki a jere, dare kuma bai yi sanyi ba, tohon mata kan lalace kafin ya buɗe, tsiron kuma ya fi fitar da maza. Wannan na shafar masu noman rani da shukarsu ta kai bazara.

Yawan takin da ke sa ganye. Idan aka zuba yuriya ko kashin kaji da yawa, kabewa kan yi ganye da yaɗo ta jinkirta fitar da mata.

Ƙishirwa ko kwanciyar ruwa a gindi. Dukansu na sa tsiro ya yar da ƙananan 'ya'ya.

Nauyin 'ya'yan da suka riga suka kama. Yaɗon da ke ɗauke da manyan kabewa biyu ko uku kan zubar da sababbi, domin ba zai iya ciyar da su duka ba.

Ƙudan 'ya'yan itace. Ƙudaje na jinsin Dacus da kuma Zeugodacus cucurbitae suna huda ƙaramar kabewa su sa ƙwai a ciki. Alamarsu ita ce ɗan tabo da ke fitar da ruwa mai danƙo, idan an tsaga kuma a ga tsutsotsi farare. Rufe ɗan kabewa da jakar takarda ko ƙyalle mara nauyi bayan barbara na kare shi. Waɗanda suka riga suka kamu kuma a tattara a binne su da zurfi.

Barbara don ajiye iri

Ƙudan zuma na yawo daga gona zuwa gona, don haka kabewa iri biyu na nau'i ɗaya kan gauraya cikin sauƙi. Wannan gaurayar ba ta sauya siffa ko ɗanɗanon kabewar bana, domin naman kabewa daga jikin uwa yake. Abin da take sauyawa shi ne irin da ke ciki, kuma sai an shuka shi baɗi za a ga bambanci. Masu samar da iri kan raba gonakin nau'i ɗaya da tazarar mita 800 ko fiye. Tun da mai lambun gida ba shi da wannan fili, barbarar hannu tare da rufe fure ita ce mafita.

Da yamma ana zaɓar tohon mace da tohon maza waɗanda za su buɗe gobe, a ɗaure bakinsu da zare ko salatif, ko a rufe su da jakar takarda, don kada ƙwaro ya riga mutum shiga. Namiji ma dole a rufe shi, saboda ƙudan zuman da ya shige shi na iya barin garin wata gona a jikin sandarsa. Da safe a tsinko mazan, a shirya su, sannan a kwance mace, a yi barbara da sauri, a sake ɗaure ta nan take. Ƙudan zuma ɗaya da ya faɗa ciki a wannan ɗan tsakani ya isa ya ɓata aikin. Daga nan a ɗaura zare mai launi a karan ɗan kabewar domin a gane ta ranar girbi, a kuma rubuta ranar da sunan uwa da uba. Idan ana aiki da iri fiye da ɗaya, a wanke hannu da burushi a busar tsakanin kowane biyu.

Don kada iri ya raunana, an fi so a ɗebo gari daga gindi dabam-dabam na iri ɗaya, a kuma ajiye iri daga kabewa da yawa. Ana barin kabewar iri ta nuna sarai a jikin yaɗo, a ajiye ta wasu makonni bayan girbi, sannan a fasa a wanke irin a shanya a inuwa.

Nau'o'in Cucurbita dabam-dabam ba su cika gauraya da kansu ba, amma masana na haɗa wasu da hannu. Sanannen misali shi ne Tetsukabuto na ƙasar Japan, wanda aka samu daga haɗa Cucurbita maxima da Cucurbita moschata. Garin furensa ba ya aiki yadda ya kamata, don haka ana shuka wata kabewa kusa da shi ta ba shi gari. Ana kuma amfani da irin wannan haɗi a matsayin gindin da ake dasa kankana a kansa don jure cututtukan ƙasa. Kabewa ba ta gauraya da kankana ko kokwamba ko duma, domin jinsinsu ya bambanta.

Ɗaci da haɗarinsa

Dangin kabewa na daji da wasu na ado suna ɗauke da sinadari mai tsananin ɗaci da ake kira kukurbitasin, wanda ke kare su daga dabbobi. An kawar da mafi yawansa daga kabewar ci ta hanyar zaɓen iri na dubban shekaru. Idan kabewar ci ta gauraya da mai ɗaci, irin da aka ajiye na iya fitar da tsiro mai 'ya'ya masu ɗaci. Cin su na haddasa amai da gudawa da ciwon ciki, kuma dafuwa ba ta kashe sinadarin. A 2015 wani dattijo ya rasu a ƙasar Jamus bayan ya ci abincin da aka dafa da irin wannan kabewa ta lambun gida. Ƙa'idar ita ce, duk kabewar da aka ɗanɗana aka ji ɗaci mai ƙarfi a zubar da ita, kada kuma a ajiye irinta.

Gasar manyan kabewa

Masu noman kabewa don gasa a Amurka da Kanada da Turai suna daga cikin waɗanda suka fi dogaro da barbarar hannu. Mafi yawansu na shuka irin Atlantic Giant, wanda Howard Dill, wani manomi a garin Windsor na lardin Nova Scotia a Kanada, ya samar. Suna rubuta asalin kowane iri, uwa da uba, kamar yadda ake rubuta asalin dawakin sukuwa. Sukan yi wa mata biyu ko uku barbara a jikin babban yaɗo, sannan su zaɓi ɗaya su cire sauran domin duk abincin tsiron ya tafi gare ta. A watan Oktoba na 2023 Travis Gienger daga jihar Minnesota ya kafa tarihin duniya na wancan lokaci a gasar Half Moon Bay ta jihar Kalifoniya, da kabewa mai nauyin kilo 1,247.

Tarihin barbara da hannu

Dabino ne tsiron da aka fi daɗewa ana yi wa barbara da hannu, saboda namijinsa da macensa bishiyoyi ne dabam. Mutanen tsohuwar Mesofotamiya, wato Iraƙi ta yau, sun san aikin, kuma dokokin sarki Hammurabi na ƙarni na 18 kafin haihuwar Annabi Isa sun ambace shi cikin hukunce-hukuncen gonakin dabino. Manoman Madina ma suna yinsa, kamar yadda ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito. Har yau masu dabino a dausayoyin Sahara na ɗebo reshen furen namiji su sa shi cikin furen mace.

A fagen kimiyya, Rudolf Jakob Camerarius na Jamus ya nuna da gwaji a 1694 cewa tsirrai na da namiji da mace, kuma iri ba ya samuwa sai da garin fure. Christian Konrad Sprengel ya wallafa littafi a 1793 wanda ya bayyana rawar da ƙwari ke takawa. A 1841 wani yaro bawa mai shekara 12 a tsibirin Réunion, Edmond Albius, ya gano hanya mai sauri ta yi wa furen vanila barbara da ɗan tsinke da babban yatsa, kuma da ita ake aiki har yanzu a Madagaska. Gregor Mendel ma da barbarar hannu ya yi gwaje-gwajensa a kan wake, waɗanda ya wallafa a 1866, suka zama tushen ilimin gado.

Sauran dangin kabewa

Ana amfani da wannan hanya ga kankana da kokwamba da guna da soso, sai dai furanninsu ƙanana ne, don haka burushi ya fi dacewa. Duma, wanda ake yin ƙwarya da ludayi da shi, yana da farin fure mai buɗewa da yamma, kuma ƙwarin dare ne ke yi masa barbara, saboda haka aikin hannu a kansa da magariba ake yi. Ugu, wato Telfairia occidentalis, wanda ake nomawa sosai a kudancin Najeriya, ya sha bamban, domin namiji da mace tsirrai ne dabam, kuma mai son 'ya'yansa sai ya shuka duka biyun. Kankana marar iri ba ta da garin fure mai aiki, shi ya sa ake shuka kankana mai iri a tsakaninta.

Iyakar amfanin hanyar

Barbarar hannu ta dace da lambun gida da gonar iri, amma a babbar gona tana cin lokaci da kuɗin ƙwadago, domin dole a zagaya kowace safiya tsawon makonnin da kabewa ke fure. A irin waɗannan gonaki manoma a ƙasashe da dama kan yi hayar akwatunan zuma a ajiye a gefen gona. A inda ƙudan zuma ke zirga-zirga a cikin furanni tun da sassafe, barbarar hannu ba ta ƙara wani abin kirki, sai dai don tsaftar iri.

Masana aikin gona na ba da shawarar a haɗa ta da matakan da ke dawo da ƙudan zuma. Daga ciki akwai guje wa feshi lokacin fure, ko yin sa da yamma bayan furanni sun rufe, da shuka tsirrai masu fure a gefen lambu, da ajiye ruwa a kasko mai tsakuwa lokacin rani, da barin itatuwan da zuma ke so kamar ɗorawa da kaɗanya da mangwaro. Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan ƙwari uku na rukunin neonikotinoid a fili a 2018 saboda illarsu ga ƙudan zuma, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware ranar 20 ga Mayu ta kowace shekara a matsayin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya.